Allo Ɗaya a Tsakar Gida

Bayan kakar bara, da yayana ya kai masararsa kasuwar Bakori ya biya bashin taki da kuɗin 'yan ƙwadago, sai ya ga akwai ɗan saura a hannunsa ba tare da ya taɓa abincin rumbu ba. Ya kira ni da daddare ya ce in jira shi a Funtuwa washegari, yana so ya saya wa Inna talabijin. Idonta ya fara rauni. Duk sa'ad da jikoki suka miƙa mata waya don ta ga wani biki, sai ta kai ta dab da hancinta, ta juya ta nan ta juya ta can, ta mayar musu tana cewa ita dai ta ji muryoyi.

Zaɓen talabijin ɗin bai ɗauke mu rabin awa ba. Mun ɗauki shafaffiya mai aiki da batirin sola, don a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi rana ce abin dogaro. Inda muka daɗe shi ne gaban wasu abubuwa biyar da yaron shagon ya jera mana a kan kanta, da ya ji cewa abin da Inna ke son gani duk yana cikin wayoyin jikokinta.

"Alhaji, wannan kebul ne. Wannan ɗan ƙaramin ba ruwansa da data. Wannan kuma sai da data, amma ya fi kyan hoto. Wannan akwatin yana mayar da talabijin ta koma kamar waya. Wannan kuwa filas ne, sai an zuba masa."

Yaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, irin duban da yake wa irin shuka kafin ya saya, sannan ya juyo gare ni. "Malam, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Wanne ya fi?"

Ban amsa masa nan take ba, saboda tambayar ta ja ni baya da nisa.

Marigayi Baba ya sha ba mu labarin majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa da la'asar, a yi shela a gari, a ɗaure farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i kowa ya fito da tabarmarsa. Fim ɗin da ya fi tunawa shi ne Baban Larai, wanda aka yi don koya wa manoma gyaran noman auduga. A ƙasar da gidajen gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi ke karɓar abin da aka noma, wannan fim ya zo gida. Baba ya ce har gardama ake yi washegari a gona kan tazarar shuka da aka nuna.

Mu kuma mun taso ne da talabijin mai baƙi da fari a gidan wani maƙwabcinmu direba. Batirin mota ke kunna ta, kuma duk 'yan kwanaki sai an ɗaure batirin a bayan keke an kai shi gari caji. Eriyar tana can bisa dogon gora, fuskarta kudu, wajen Kaduna, don har zuwa 1987 jiharmu ke nan kafin a yanke Katsina. Aikina a wancan lokaci shi ne riƙe goran. Ina waje ina juyawa, ana yi mini ihu daga ciki: "Ƙara kaɗan! Ya yi! A'a, koma baya!" Da yawa daga wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero a Karambana da kunne na fara saninsu, hannuna a jikin gora, ina jin dariyar mutane talatin ta cikin taga.

Sai bidiyo ta shigo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekara goma ta cika an kai zamanin Sangaya, lokacin da ba lungun da ba a jin kiɗan fim. Ana hayar kaset kwana ɗaya, a goge kan bidiyon da ɗan auduga idan hoto ya fara rawa, a tara kuɗin fetur ɗin janareto karo-karo. Faifan sidi ya ture kaset, dish ya hau rufin gidaje, StarTimes ta zo a 2010 da dikodarta mai sauƙin kuɗi, Arewa24 ta buɗe a 2014 ta ba mata Daɗin Kowa. Kaset da sidi sun wuce da sauri, kowanne ya bar gawarsa a ƙarƙashin gado.

Abu guda bai taɓa canzawa ba tun daga majigi har zuwa dish: allon ɗaya ne, masu kallo da yawa. Wannan yana da hukuncinsa. A gidanmu idan fim ya kai wurin da bai dace ba, Baba ba ya cewa komai, gyaran murya kawai zai yi, sai wanda ke kusa da bidiyon ya miƙa hannu ya tura gaba. Surukai suna sunkuyar da kai a inda ake sunkuyarwa. Yara suna koyon abin da ake dariya a kansa da abin da ake tsaki a kansa ta hanyar kallon fuskokin manya a hasken allon. Na yi imani rabin tarbiyyar da na samu daga kallo daga waɗannan fuskoki ta zo.

Waya ce ta raba wannan taro. Da layukan salula suka zo Nijeriya a 2001, magana kawai ake yi da su, har ana bin layi a ƙarƙashin lema don a buga kira. Amma da wayoyi masu memori suka yawaita, sannan Tecno da itel da Infinix suka sa babbar fuska a hannun ɗan acaba da mai tallar goro, sai sabuwar sana'a ta tsiro a bakin kowace tasha: saurayi da kwamfutarsa a kan benci, yana tura fim. Ka ba shi memori ko waya, ya cika maka, kai kuma ka tura wa abokinka ta Xender. Masu sayar da sidi suka koma sayar da caja da murfin waya. Su ma masu shirya fina-finai suka bi mutane zuwa inda suka koma. Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara fitarwa a 2020, a YouTube ya yi sunansa, a tashar da ke ɗauke da sunan garin da Yaya ya sayar da masararsa, wato Bakori TV. Labarina na Aminu Saira ma daga baya can ya tare. Haka wa'azi, haka tafsiri, haka bikin 'yar'uwa da aka yi a Legas. Abin kallon ya tattara ya koma aljihu, kuma aljihun na matasa ne. Ka shiga gida bayan isha'i ka tarar da mutum bakwai, kowa da ɗan haskensa a fuska, kowa da abin toshe kunnensa, Inna kuma tana gefe da carbinta.

Saboda haka tambayar Yaya a shagon nan tana da nauyin da shi kansa bai faɗa ba. Yana neman abin da zai fito da kallon daga aljihun 'ya'yansa ya mayar da shi bango, inda mahaifiyarsa za ta gani.

Kebul shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi, don mun saba: tun zamanin bidiyo muna cusa ja da fari da ruwan ɗorawa a bayan talabijin. Na yanzu guda ɗaya ne, ana ce masa HDMI, yana ɗaukar hoto da sauti tare. Idan kwamfuta ce a hannunka, magana ta ƙare. Ɗan Yaya na fari, wanda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, in ya zo hutu da tasa, cusawa kawai yake yi, hoto ya fito tsaf, ba data, ba jira. Sai dai kwamfutar tana komawa Zariya tare da mai ita. Waya kuwa, mafi yawan waɗanda ke hannun mutanenmu ramin cajinsu caji da tura fayil kaɗai ya iya, ba ya fitar da hoto. Wasu manyan wayoyi masu tsada ne ke da wannan. Na ga mutane da dama sun sayi kebul ɗin sun kai gida sun yi ta juya shi, suna zargin talabijin, alhali wayar ce ba a gina ta da hakan ba.

Ɗan ƙaramin nan da yaron ya ce ba ruwansa da data, bai fi babban yatsa ba. Ana cusa shi a ramin HDMI, a ba shi wuta ta ramin USB. Tsarin da yake aiki da shi sunansa Miracast, an fito da shi a 2012, kuma hikimarsa ita ce wayar da shi suna magana kai tsaye, ba sai sun bi ta intanet ba. Madubi ne. Duk abin da ke fuskar wayar shi ke fitowa a bango, ko fim ne da aka turo maka a tasha, ko hoton gona, ko karatu. Yana da arha, kuma ya dace da yadda muke samun abin kallo. Amma wayar ta zama fursuna har a gama: ba a ɗaukar ta a fita, batirinta yana zafi yana zuba, wani lokaci magana ta riga leɓe, kuma in an kira mai ita, kallo ya tsaya kowa ya ga sunan mai kira. Wasu manhajoji na biya, irin Netflix, sukan ƙi yarda a haska su ta wannan hanya, sai ka ga allo baƙi. Ba kuma kowace ƙaramar waya ke da wurin haɗawar ba, gara a gwada a shago kafin a biya.

Wanda ya fi kyan hoto shi ne Chromecast. Google ya fito da shi a 2013 a kan dala 35, ya kuma bazu a duniya. Ainihin aikinsa ba na madubi ba ne. Wayar tana nuna masa abin da ake so ne kawai, shi kuma ya tafi intanet da kansa ya ɗebo, don haka kana iya amsa kira ko ka sa wayar a aljihu fim na ci gaba. Na yi amfani da shi a gidana a Funtuwa, kuma ba ni da abin cewa kan ingancinsa. An dai ƙera shi ne don gidan da waifai ke kunne dare da rana kamar famfo. A wurinmu sai an kunna masa data daga wata waya, sau da yawa a nemo ta biyu da za ta ba shi umarni. Kuma babban allo babban ciki gare shi. Netflix da kansu sun ce awa guda na hoto mai tsabta yana iya cin giga 3. Manomi da ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako, musamman bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, zai ji wannan a jikinsa kafin a gama kashi biyu na Izzar So. Google ma ya daina ƙera shi a Agustan 2024, ya maye gurbinsa da wani akwati na kusan dala 100. Fire TV Stick na Amazon ɗan'uwansa ne, yana da rimot nasa na kansa, amma abincinsu ɗaya.

Akwatin Android ya ja hankalin Yaya, don yana da rimot, yana karɓar filas, wasu ma suna da ramin tsohon kebul, ta yadda ko talabijin mai doro za ta iya aiki da su. Na faɗa masa abin da na sani. Masu arhar cikinsu sukan rubuta ƙarfin da ba su da shi a jikin kwali, kuma a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu akwatunan marasa asali suna zuwa da muguwar manhaja a ɓoye. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwatin ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa duk abin da ke intanet, a ɗakin da yara 'yan shekara shida ke zama su kaɗai idan manya sun tafi gona.

Filas ne yaron shagon ya ambata a ƙarshe, da muryar wanda ya san ba riba a cikinsa. Ni kuwa shi na fi daɗewa ina dubawa, saboda na tuna 2021.

A watan Satumba na shekarar, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. An kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar ta shafa. Sai a Disamba sabis ya dawo mana. Wanda bai zauna cikin waɗannan watanni uku ba, da wuya ya gane yadda gari ke yin shiru. Mai son tura kuɗi ko jin lafiyar ɗansa sai ya hau mota ya nufi wajen Zariya. A gidana, abin nan mai kyan hoto ya zauna a bayan talabijin, ƙaramar fitilarsa na ci, ba abin da zai ɗebo. Amma kallo bai mutu a Funtuwa ba. Samarin nan masu tura fim su ne suka riƙa tafiya inda akwai sabis, su sauko da na mako, su dawo su baza a memori da filas. Ta hannunsu labarin duniya ya riƙa shigowa. A lokacin na fahimci cewa duk na'urar da ranta ke rataye a wani wuri mai nisa, aro muke yi da ita. Wadda abincinta ke cikin ɗaki ita ce tamu.

Filas yana da nasa aibin, kuma ba na son in ɓoye shi. Wani fim ɗin talabijin takan ƙi karanta shi, ko ta ba da hoto ba sauti. Ba ya nuna abin da ke faruwa yanzu, ƙwallo ko hawan salla. Babban aibinsa kuma na haƙƙi ne. Idan ka kalli shiri a YouTube, wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya yana samun wani abu daga talla. Idan mutum ɗaya ya sauko da shi ya tura wa ɗari biyu, kallo ɗaya aka ƙirga masa. Mutanen da suka sa sunan Bakori a idon duniya ba sa cin komai daga yawancin masu kallonsu na ƙauyukan Bakori. Wannan yana damuna duk sa'ad da na miƙa filas a tasha, kuma ban ga mafitarsa ba muddin data ta fi ƙarfin mai noma.

Na ce wa Yaya ya sayi biyu: filas da ɗan madubin nan. Kuɗinsu a haɗe bai kai na akwatin ba.

Daren farko ina nan. An fito da talabijin ɗin tsakar gida an ɗora a kan turmi da faifan katako. Ɗan Yaya na biyu ya haɗa wayarsa, ya buɗe bidiyon sunan da aka yi a Legas, na tattaɓa-kunnen Inna da ba ta taɓa gani ba. Ta matso da tabarmarta. Ba ta ce komai kan jaririn ba da farko. Zanen goyon ta fara ganewa, wanda ita ta aika. Sannan ta shiga ƙirga mahalarta, tana kiran sunayensu, tana tambayar me ya hana wance zuwa. Da aka ɗago yaron kusa, ta yi shiru, can ta ce, "Kunnuwan Malam ne." Haka take kiran Baba. Aka maimaita mata wurin sau uku.

Ana cikin na ukun sai saƙo ya faɗo daga saman allon, da suna da kalmomi, manya-manya yadda duk mai karatu a tsakar gidan ya karanta. Daga wata yarinya ne. Ba wata mummunar magana a ciki, amma ba maganar da ake yi gaban uba ba ce. Yaron ya daburce yana neman inda zai danna. Yaya ya kau da kai ya tambaye ni farashin waken suya a Funtuwa, kuma na ji muryar Baba a cikin wannan kau da kan. Daga ranar yaron ya koyi kashe data kafin ya haɗa. Ya kuma fara jan ƙafa idan an ce ya kawo wayarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Waya cikin mutum ce, ba kowa ke son a buɗe cikinsa a bango ba.

Nan ne bambancin na'urorin biyu ya fito mini fili, fiye da duk bayanin da na yi a shago. Da madubin, Inna sai ta jira yaro ya dawo daga majalisa, ya ga dama, wayarsa na da caji. A dā dattijo ke da iko da allo, yaro na waje yana riƙe da gora. Yanzu dattijuwa ce ke jiran yaro. Da filas kuwa ba ta jiran kowa. Wata jikarta ta ɗiga jan farce a kan maɓallai uku na rimot ɗin, na kunnawa da na zaɓa da na ƙara murya, ta zauna da ita kwana biyu har hannunta ya saba. Da azumi ya zo, aka cika mata filas ɗin da tafsiri, kullum bayan la'asar tsofaffin unguwa huɗu ko biyar suna zuwa ɗakinta da tabarminsu. In da za a sake yi mini tambayar Yaya yau, da wannan zan auna kowace na'ura: shin Inna za ta iya kunna ta ita kaɗai?

Madubin ma ya sami ranarsa. Da damina ta kankama, tsutsar nan da ta addabi masara tun bayan ɓullarta a ƙasar nan a 2016 ta sake bayyana a gonakin yamma da gari. Wani malamin gona ya turo wa Yaya gajeren bidiyo da Hausa, yana nuna yadda ake gane ta tun ganye na da 'yan huji, da yadda ake sa magani can cikin zuciyar ganyen inda take ɓuya, da sassafe ko da yamma. Yaya ya ce a haska shi a bango. Maza goma sha wani abu suka taru bayan isha'i, aka nuna, aka tsayar, aka koma baya, wani ya tashi ya je dab da allon yana nuna kashin tsutsar da yatsa yana cewa irinsa ya gani a tasa gonar. Gardama ta kaure kan awon maganin a cikin tankin feshi, har Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce in sun gama su mayar mata da filas ɗinta inda suka cire shi.